Kafin Baturiya ta zama fadama: farkon zamanin dainoso da abin da ya bari a Jigawa

Lokaci zuwa lokaci hoton wani ƙaton ƙashi yakan zagaya wayoyin jama'a. Wani ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa na Samudawa ne, wani ya ce na dainoso ne, wani kuma ya ce duk tatsuniyar Turawa ce. A cikin wannan ka-ce-na-ce abubuwa da dama sun cakuɗe. Akwai masu ɗaukar dainoso a matsayin ƙaton ƙadangare, akwai masu zaton ya yi zamani da mutanen farko, akwai kuma masu cewa man fetur kitsensa ne da ya narke a ƙarƙashin ƙasa. Ga mutumin ƙasar Haɗejiya tambayar ta fi matsowa kusa da gida. Fadamar Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma, da ruwanta da kifinta da tsuntsayenta, shin ta ga waɗannan halittu? Idan aka haƙa, za a tarar da ƙasusuwansu?

A ma'aunin masana, ƙasar Baturiya sabuwa ce fil, kuma babu dalilin sa ran samun ƙashin dainoso a cikinta. Duk da haka Jigawa tana da shaidar wancan zamani, sai dai ba a inda ake zato ba, kuma ba a siffar da ake zato ba.

Ma'anar kalmomin

Jiyoloji kalmar aro ce, ana nufin ilimin ƙasa da duwatsu: yadda suka samu, da shekarunsu, da abin da suka ƙunsa. Da shi ake neman ruwan burtsatse da kuza da man fetur. Burbushin halittu kuwa shi ne duk wata alama da dabba ko tsiro ya bari a cikin dutse, ko ƙashi, ko haƙori, ko ƙwai, ko itace, ko sawun ƙafa a lakar da ta bushe ta taurara. Galibi ruwa mai ɗauke da ma'adinai ne ke ratsa ƙashin sannu a hankali har ya mayar da shi dutse, siffar tana nan, nauyi ya ƙaru.

Sunan dainoso wani masanin Ingila, Richard Owen, ya ƙirƙiro shi a 1842 daga harshen Girka, da ma'anar ƙadangare mai ban tsoro. Sunan ya ɓatar da mutane, domin dainoso ba ƙadangare ba ne. Ƙadangare da guza da damo ƙafafunsu a gefen jiki suke, suna tafiya suna lanƙwasa. Dainoso ƙafafunsa a miƙe suke a ƙarƙashin jiki. Dabbar tudu ce. Masu rarrafe da suka yi iyo a tekun wancan lokaci, da masu fukafukan fata da suka tashi sama, maƙwabtansa ne a zamani amma ba sa cikin danginsa.

Masana sun kasa zamanin dainoso gida uku. Na farko Tirayasik, daga shekaru miliyan 252 zuwa miliyan 201 da suka wuce. Na biyu Jurasik, wanda fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya sa sunansa a bakin kowa, ya kai zuwa kimanin miliyan 145. Na uku Kiretashiyos, ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Maganarmu a kan na farkon ce, wanda wani Bajamushe, Friedrich von Alberti, ya raɗa wa suna a 1834 saboda hawa uku na duwatsu da ya gani a ƙasarsu.

Yadda ake sanin shekarun dutse

Mai hankali zai tambaya, wa ya ƙirga waɗannan miliyoyi? Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma hanyoyin biyu ne. Ta farko duk mai haƙar rijiya ya san ta: yana wuce baƙar ƙasa, ya iske yashi, ya iske yumɓu, kuma abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Wannan yana nuna wanda ya girmi wani, amma ba ya faɗin adadin shekaru.

Ta biyu ita ke ba da lamba. Akwai ma'adinai irin su yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, da ke rikiɗa da kansu su koma wani abu a kan ƙa'idar da ba ta sauri ba ta jinkiri. Yuraniyom yana komawa darma, kuma irin da ya fi yawa yana ɗaukar kimanin shekaru biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe. Idan narkakken dutse ya huce, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ake kira zakon sukan kulle yuraniyom a cikinsu ba tare da darma ba. Duk darmar da aka samu a ƙwayar daga baya ta taru, don haka auna yawan wannan da na wancan yana nuna tsawon lokacin da ya shuɗe. Awon yana da ɗan kuskure da ake bayyanawa tare da sakamakon, kuma akan sake shi idan na'urori sun inganta. Abin da ke sa a yarda da shi shi ne ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban, da ma'adinai daban-daban, suna samun amsoshi masu kusantar juna.

Duniya a zamanin Tirayasik

Tirayasik ya buɗe ne a kan kufai. Shekaru miliyan 252 da suka wuce aka yi mutuwar halittu mafi girma da aka sani, lokacin da ƙasa ta yi ta aman wuta a yankin da yau yake Sabiriya. Iskar da ta fito ta ɗumama duniya, ta ɓata ruwan teku, fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Wanda ke son ganin dabbobin da suka rayu gab da wannan annoba ba sai ya yi nisa ba. A kusa da Arlit akwai duwatsun da ake kira na Moradi (kada a haɗa su da birnin Maraɗi), inda aka tono wata dabba mai girman saniya da ƙulle-ƙulle a ka, aka sa mata suna Bunostegos. Ita da danginta ba su ƙetare ba.

A lokacin nahiyoyin duniya a manne suke, dunƙule ɗaya da ake kira Fanjiya. Babu Tekun Atalantika. Inda Legas da Fatakwal suke a yau yana jingine da arewa maso gabashin Burazil, shi ya sa tsofaffin duwatsun ɓangarorin biyu suka yi kama. Ƙasar Hausa tana can tsakiyar dunƙulen, nesa da kowane teku. Duniya ta fi yanzu zafi, babu tulin ƙanƙara a ƙuryar arewa da ta kudu, tsakiyar Fanjiya kuma fari ya yi mata yawa.

Da mutumin Baturiya zai ga dajin wancan lokaci, ba zai gane ko tsiro ɗaya ba. Babu ciyawa kwata-kwata, saboda haka babu kakan gero ko dawa ko shinkafa, babu kachalla. Babu itace mai fure, don haka babu goruba, babu gabaruwa, babu kanya. Abin da ya rufe ƙasa shi ne tsirrai marasa fure masu son laima, da dangin itatuwan nan masu siraran ganyaye da ake samu a ƙasashen sanyi. Dabbobin da suka yi sarauta a tudu kuwa dangin kada ne, wasunsu dogaye masu gudu a kan miƙaƙƙun ƙafafu, wasu masu sulke suna cin ganye. A gefensu akwai ƙananan kakannin dabbobi masu shayarwa, da kunkuru na farko, da kakannin kwaɗo.

Dainoson farko, da saɓanin inda ya fito

Ƙasusuwan dainoso mafi tsufa da masana suka haɗu a kansu sun kai shekaru miliyan 230 zuwa 233. An same su a kudancin Burazil da kwarin Ischigualasto na Ajantina. A can ne wani makiyayin awaki, Victorino Herrera, ya tsinci ƙashin dabbar da a 1963 aka sa wa sunansa, Herrerasaurus. A can kuma aka samu Eoraptor a 1991, wanda tsawonsa daga hanci zuwa wutsiya bai kai mita biyu ba. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe: dainoson farko ƙanana ne, masu tafiya da ƙafa biyu, kuma tsiraru ne a cikin dabbobin zamaninsu. Manyan da ake gani a fim sun zo ne bayan miliyoyin shekaru.

Afirka tana da nata. A 2022 aka bayyana Mbiresaurus daga arewacin Zimbabuwe, mai shekaru kusan miliyan 230, tsawonsa kimanin mita 1.8. A Tanzaniya akwai Nyasasaurus, wanda aka tono tun shekarun 1930 amma ba a yi cikakken bayaninsa ba sai bayan shekara tamanin. Wasu na ganin shi ne dainoso mafi tsufa, wasu na cewa ɗan uwa ne na kusa, domin ƙasusuwan kaɗan ne, shekarun dutsen ma ana jayayya a kansu.

A kan mahaifar dainoso ra'ayi ya rabu. Masu binciken Mbiresaurus sun ce tunda Burazil da Ajantina da Zimbabuwe da Indiya duk suna kan layi ɗaya a kudancin Fanjiya, inda yanayi ya fi sanyi da laima, to a nan aka fara, kuma hamadar tsakiya ta tare hanyar arewa har sai da yanayi ya sauya. Suna danganta sauyin da wani lokacin ruwa mai yawa da aka yi kimanin shekaru miliyan 233 da suka wuce, wanda ya ɗauki fiye da shekara miliyan ɗaya. A farkon 2025 abubuwa biyu suka girgiza wannan fahimta. An bayyana wata ƙaramar dabba mai suna Ahvaytum daga jihar Wayomin ta Amurka, mai shekaru kusan miliyan 230, alhali wurin yana arewa. Sannan wasu masu bincike a Landan suka buga nazari cewa mai yiwuwa mahaifar tana yankin zafi na tsakiyar Fanjiya, wato inda yau yake dajin Amazon da kwarin Kwango da Sahara, kuma rashin samun ƙashi a can rashin nema ne da wahalar shiga wuraren.

Ra'ayi na biyun yana da daɗin ji ga mutanen yankinmu, domin ya sa mu kusa da inda labarin ya faro. Amma lissafi ne na kwamfuta, ba ƙashi ne a hannu ba, kuma adalci shi ne a riƙe shi a matsayin hasashe mai ƙarfi har sai an tono shaida.

Yadda dainoso ya karɓi ragama ma akwai magana. Tsohon ra'ayi shi ne ya fi abokan zamansa gudu da ƙarfin numfashi, ya ture su. Mafi yawan masana yanzu sun karkata ga cewa gurbi ya samu. Shekaru miliyan 201 da suka wuce Fanjiya ta fara tsagewa, narkakken dutse ya malala a faɗin da ya ratsa nahiyoyi huɗu na yau, kuma ragowarsa na nan a Maroko da Mali da Gini. Aka sake mutuwar halittu, manyan dangin kada na tudu suka ƙare, dainoso ya tsira ya bazu.

Me ke ƙarƙashin Baturiya?

Kafin ƙashi ya zama burbushi sai laka ko yashi sun binne shi da wuri, sannan su taurara, sannan bayan miliyoyin shekaru zaizaya ta sake fito da shi fili. Saboda haka mai neman dainoson Tirayasik dole ya nemi dutsen laka ko na yashi da ya kwanta a Tirayasik. Jigawa ba ta da irin wannan dutse a sarari.

Kogin Haɗejiya yana tasowa ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa. A can sama yana gudu a kan tsohon dutsen gindi, wanda ya samu siffarsa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, tun babu dabba ko ɗaya a tudu. Zafi da matsi sun dafa shi, babu burbushi a cikinsa. Bayan kogin ya wuce Wudil ya nufi Ringim sai ya shiga Kwarin Chadi, wani faffaɗan rami da koguna da tafkuna suka yi ta cikawa da yashi da yumɓu. Abin da ke saman wannan cikon, wanda masana ke kira Shimfiɗar Chadi, bai wuce 'yan miliyoyin shekaru ba. Daga cikinsa burtsatsen yankin ke jan ruwa. A kansa kuma ga jigayin yashi da iska ta jera daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma a wani zamanin fari, dubban shekaru kaɗan kafin noma ya fara a duniya. Waɗannan jigayi ne ke tare wa kogi hanya, su tilasta masa rarrabuwa, har Kogin Kafin Hausa ya malala ya shayar da dajin Baturiya. A saman komai sai lakar da ambaliya ke zubarwa kowace damina.

Ke nan a wannan yanki ana tsallakewa daga dutsen da ya girmi dainoso da ɗaruruwan miliyoyin shekaru zuwa ƙasar da ta zo bayan ƙarewarsa da miliyoyi sittin. Dalilin da masana suka fi bayarwa shi ne a zamanin Tirayasik arewacin Najeriya tudu ne da ruwa ke wankewa, ba kwari da ke tara laka ba. Inda ƙasa ke zaizayewa ƙashi ba ya tsira. Wannan ba ya nufin babu dabbobi a nan a lokacin. Yana nufin ƙasar ba ta ajiye labarinsu ba.

Shaidar da ke Dutse

Abin da Jigawa ta ajiye daga wancan zamani wuta ce da ta huce. Duwatsun da suka kewaye birnin Dutse, har da waɗanda tsohon garin Garu ke zaune a tsakaninsu, suna cikin jerin da masana ke kira Ƙananan Giranit, wato giranit masu ƙarancin shekaru idan an gwada su da dutsen gindi. Giranit shi ne dutsen nan mai tauri da ɗigo-ɗigo da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Narkakken dutse ne da ya taso daga ciki, wani ya fashe a sama ya yi aman wuta, saura ya tsaya a ƙarƙashi ya huce a hankali. Saman ya zaizaye tuntuni. Abin da ake gani yau kamar kututturen giginya ne bayan itacen ya faɗi.

Wani nazari da masanin Najeriya M. A. Rahaman da abokan aikinsa suka buga a 1984 ya ba duwatsun Dutse shekaru kimanin miliyan 213. Wannan tsakiyar ƙarshen Tirayasik ne, lokacin da ƙananan dainoso ke yawo a Ajantina da Zimbabuwe. Nazarin ya nuna wani tsari mai ban sha'awa: ana yin kudu shekarun na raguwa. Na Ningi sun kai kimanin miliyan 183, na Afu a jihar Nasarawa kimanin miliyan 141. Idan kuma aka yi arewa, na Damagaram sun girmi na Dutse, na tsaunukan Azbin sun girmi na Damagaram. Wato wurin da wutar ke fitowa ya yi ta matsawa kudu cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Daga wannan jeri ne kuzar Jos da ta Riruwai suka fito.

Ba za a samu ƙashi a giranit ba, domin abin da ya fito a narke ba ya barin gawa. Amma mai fasa dutse a gefen birnin Dutse, da gudumarsa da tarin tsakuwarsa, yana riƙe da abin da ya yi zamani da dainoson farko. A ganina wannan ya isa a koyar da shi a kowace makarantar sakandare ta jihar, kuma abin takaici ne yaro ya san sunan dabbar Amurka daga fim bai san shekarun dutsen da ke bayan gidansu ba.

Nijar da Sakkwato: manyan ƙasusuwa, amma na baya

Maƙwabciyarmu Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi arzikin burbushin dainoso a Afirka. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus a shekarun 1960. Daga nan aka samu Sarcosuchus, dangin kada mai tsawon mita 9 ko fiye, da Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wanda tawagar Paul Sereno ta Jami'ar Shikago ta bayyana a 1999. A yankin Ingal aka samu Jobaria mai dogon wuya. Wanda ya je Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi a tsaye.

Sai dai duk waɗannan na Jurasik ne da Kiretashiyos. Dabbobin Gadoufaoua sun rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, wato tsakaninsu da hucewar duwatsun Dutse akwai shekaru miliyan ɗari. Abin da Nijar ta bayar na Tirayasik ɗan kaɗan ne: sawun ƙafa a dutsen yashi a yankin Agadas, wanda masana Faransawa suka ba da rahotonsa a 1968, na wata dabba daga ɓangaren kada.

A Sakkwato kuma, kusa da Goronyo, an tono Goronyosaurus, aka sa masa suna a 1972. Sau da yawa akan kira shi dainoson Najeriya, amma kuskure ne. Mai iyo ne a teku, ya fi kusa da guza da maciji, kuma ya rayu a ƙarshen Kiretashiyos, lokacin da wani siririn teku ya ratso Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato.

Zuriyar da ke raye a fadama

Shekaru miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo a gaɓar Meziko, kuma manyan dainoso suka ƙare. Reshe ɗaya ya tsira, shi ne tsuntsaye. Wannan ba ƙaramin ra'ayi ba ne a tsakanin masana, shi ne matsayar da kusan dukkansu suke kai, tun daga Archaeopteryx da aka samu a Jamus a 1861, mai gashin tsuntsu da haƙora da doguwar wutsiya ta ƙashi, har zuwa dainoso masu gashi da aka fara tonowa a Sin a 1996.

A duba sawun gauraka ko na zalɓe a lakar bakin ruwa bayan ambaliya ta ja: yatsu uku a gaba, na tsakiya ya fi tsawo, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya a kan layi. Haka sawun ƙananan dainoso masu cin nama yake a duwatsun Tirayasik. A duba ƙafar dinya ko ta kaza, da ɓawon da ya rufe ta. A karya ƙashin a ga rami a ciki. Duk waɗannan gado ne. Baturiya, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin Ramsar masu muhimmanci ga duniya a 2008, tana karɓar dubban tsuntsaye, na gida irin su kirinjijiya da balbela da shamuwa, da baƙi masu zuwa daga Turai da hunturu. Kada shi ne ɗan uwansu mafi kusa a cikin masu rai, domin reshensa da nasu sun rabu ne a farkon Tirayasik ko gab da shi.

Akwai kuma gaiwa. Idan ruwa ya janye sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta wutsiya a kan kai, yauƙin jikinta ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafa ta shan iska, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Masunta sun san inda ake haƙo ta da rani. Dangin kifi mai huhu sun wuce shekaru miliyan 400, kuma an samu haƙoransu a duwatsun Tirayasik na Argana a Maroko. Gaiwar yau ba ita ce ta wancan lokaci ba, nau'i ne na daban, amma tsarin jikin tsoho ne, ya girmi dainoso.

Samudawa, man fetur da batun addini

Babu mutum a zamanin dainoso. Tsakanin ƙarewar manyansu da burbushi mafi tsufa da ake dangantawa da layin ɗan Adam, wanda aka samu a Chadi a 2001, akwai kusan shekaru miliyan 59. Samudawa kuwa mutane ne, al'ummar Annabi Salihu, kuma babu alaƙa tsakaninsu da waɗannan dabbobi. Shahararren hoton ƙaton ƙwarangwal ɗin mutum da ake yaɗawa an haɗa shi ne a wata gasar sarrafa hoto ta intanet a farkon shekarun 2000.

Man fetur asalinsa ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka taru a ƙasan teku ko tafki, laka ta binne su, zafi ya dafa su. Man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a 2022 tsakanin Bauchi da Gombe yana cikin duwatsun Kiretashiyos ne, a kwarin da ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Zamaninsu ya zo ɗaya da dainoso, amma ba daga jikinsa man ya fito ba.

Wasu suna ƙin batun gaba ɗaya don gudun kada ya ci karo da imani, kuma damuwarsu ba abin raini ba ce. Masu tafsiri tun da can sun yi saɓani a kan tsawon kwanaki shida na halitta, ko irin kwanakinmu ne ko wani lokaci ne mai tsawo. Musulmi da yawa masana jiyoloji suna aikinsu ba tare da ganin karo tsakanin tsufan duniya da imaninsu ba. Inda muhawara ta fi zafi shi ne asalin ɗan Adam, kuma wannan batu ne daban da shekarun dutse ko samuwar dabbobin da suka shuɗe, waɗanda ƙasusuwansu ke nan ana taɓawa.

Abin da wannan sani ke jawowa

Na farko ya shafi ruwa. Sanin inda dutsen gindi ya ƙare, Shimfiɗar Chadi ta fara, shi ke bayyana dalilin da ya sa burtsatse ke yin nasara cikin sauƙi a wani gari ya gagara a wani. Kuma tunda fadama sabuwar ƙasa ce da ambaliya ke ginawa, rage ambaliyar yana taɓa ta kai tsaye. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa, kachalla ta toshe hanyoyi da dama, wani wuri ya bushe wani ya nutse. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dajin Baturiya zuwa gandun ƙasa, amma tsuntsu ruwa yake bi, kuma ruwan daga Kano ake sakinsa.

Na biyu ya shafi bincike. Akwai sassan jiyoloji a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ga kuma jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa, amma nazarin burbushin dabbobi a yankinmu mafi yawansa baƙi ne suka yi shi. Idan hasashen 2025 yana da gaskiya, duwatsun yashi na arewacin Nijar na cikin wuraren da ya kamata a duba, kuma ɗaliban Hausa sun fi kowa kusa da su.

Ƙasar Baturiya ma tana iya ɓoye abin tarihi, sai dai na zamanin mutane. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kuma kogunan yankin sun fi yanzu ruwa nesa ba kusa ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita biyar. Bai faskara shi ba, aka kai labari ga hukuma. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tono shi, ya zama kwalekwale mai shekaru kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Wanda ya gamu da baƙon ƙashi ko katako ko tukunya yana haƙa, abin da ya fi amfani shi ne ya bar shi a inda yake, kada ya wanke ko ya fasa, ya auna zurfin, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gari da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin ƙasar da ke kewaye da abin ita ce ake aunawa a san shekarunsa.